Mai Sanarwar Layinmu

Duk wanda ya zauna a layinmu na Kurmin Mashi ya san muryar Malam Lawan tela. Shi ne mai sanarwa a lasifikar masallaci: ɗaurin aure, suna, cigiyar yaro, rasuwa. Dukansu da murya ɗaya yake faɗarsu, ba hawa ba sauka. Sai ka kasa kunne sosai kafin ka gane barka za ka je ko ta'aziyya.

Matarsa Dije kuwa ita ce bakin matan unguwa. In mun taru a walima ko zaman makoki, ita ake bar wa magana. Takan kira mamaciya da sunanta, ta tuno kunun da ta taɓa aiko mata tana jego, ta yi kukanta a gaban kowa, ta share da gefen mayafi ta ci gaba. Ba mai ganin laifinta, mu ma kukan muke yi.

Katanga ɗaya ta raba mu, don haka ina jin tana tsokanarsa. "Malam, ran da na mutu haka za ka faɗa, kamar mai cigiyar akuya?"

"To me zan ce? Namiji ba ya zuba a lasifika."

"Ka dai ce Dije ce. Ka ce ka yi rashi. Na yafe sauran."

Sai ya yi dariya ya ci gaba da taka kekensa na ɗinki.

Da daminar bana Dije ta kwanta ciwo, ba ta tashi ba. Liman ya ce a ba wani sanarwar, Malam Lawan ya ce a'a, akwai abin da zai faɗa. Muna cikin gida muka ji ya yi innalillahi, sai ya yi shiru. Shirun ya yi tsawo har Harira, ƙanwar Dije, ta damƙe hannuna. An ce dattawan masallaci na zaune sun zuba masa ido. Can muka ji: "Allah ya yi wa iyalin Malam Lawan tela rasuwa. Jana'iza bayan azahar."

Maza suka yi ta yabonsa a ƙofar gida, wai dattijo mai tawakkali, ko rawa muryarsa ba ta yi ba. Ni kam haushi ya cika ni, na ƙi ko kallon inda yake.

Ran sadakar uku Harira ta miƙe a tsakar gida. "Dije ce," in ji ta, tana kuka. "Mai ajiye wa mutum tuwo ko bai ce zai zo ba. Mun yi rashi."

Da mata suka fara watsewa, sai muka ji sallamarsa a bayan labulen zaure. Bai shigo ba.

"Harira, abin da kika faɗa ɗazu ban ji sosai ba daga waje. Don Allah ki sake."

Ta sake faɗa. Ƙafafunsa kawai muke gani ta ƙarƙashin labule. Sai muka ji yana bin ta a hankali, da wata murya da lasifika ba ta taɓa ɗauka ba.

"Dije ce," ya ce. "Na yi rashi."