Kuɓewar Mma da Katifar Magajiya

Har yau idan hadari ya haɗu a kan unguwarmu Asawase, mutane suna murna, ni kuwa raina ɓaci yake yi. Ba da ruwan nake faɗa ba, ruwa rahama ne. Da mutanen layinmu nake.

Tuwo nake sayarwa a bakin titi, kusa da inda trotro, motocin haya, ke tsayawa. Mahaifiyata, wadda muke kira Mma, tana ɗakina tun da ƙafafunta suka daina ɗaukarta. Tana da wata kuɓewa da ba a samun irinta a kasuwannin Kumasi, gajera ce, bakinta ja, ba ta da ƙaiƙayi, kuma kaɗan za ka yanka tukunya ta cika da yauƙi. Kakata ce ta zo da irin daga Arewa a ƙulle a bakin zane, lokacin da ta biyo mijinta fataucin goro. Ta shuka a tsakar gida, ta ba Mma, Mma ta ci gaba. Kowace damina sai ta bar 'ya'yan da suka fi kyau su bushe a jikin kara, ta ɓare su, ta gauraya da toka, ta adana. Ba ta taɓa sayarwa ba, kyauta take bayarwa, amma matan da ta ba duk sun rasu ko sun rasa inda za su shuka.

Mu ma mun rasa. Yayyena maza suka gina ɗakunan haya a tsakar gidan, abin da ya rage suka malale shi da siminti. Na gwada shukawa a tsofaffin bokitai, inuwar ɗakuna ta hana ta girma, tumakin maƙwabta suka ƙarasa ta. Damina ta wuce, wata ta wuce, irin da ya rage bai fi cikin tafin hannu ba. Mma ta ce mini iri barci yake yi, amma ba ya barci har abada. Idan wannan daminar ta wuce bai taɓa ƙasa ba, to ya mutu a hannunmu.

A cikin wannan damuwar nake sai Magajiya, shugabar matan unguwarmu, ta zo da shawara. Bazara ce, zafi ya kai maƙura, hadari ya fara leƙowa da yamma yana komawa. A ƙarshen layinmu, inda gangare ya ƙare, akwai wata tsohuwar bola a bakin babbar gota, wato magudanar ruwa, kusa da 'yar gadar da muke tsallakawa zuwa kasuwa. Magajiya ta ce a yi aikin gayya, a kwashe bolar, a yashe gotar kafin ruwa ya sauko, a mai da wurin lambun unguwa, kowane gida ya samu kunyarsa. Liman ya yi sanarwa bayan sallar Juma'a. Da na ji, sai da na yi hawaye, don na ga inda kuɓewar Mma za ta zauna.

Ba zan yi ƙarya ba, an yi aiki. Maza suka shiga gota har gwiwa da shebur, mata muka riƙa kwashewa da kwanduna. Wani dillalin shanu ya aiko da taki cike da aboboya, babur ɗin nan mai ƙafa uku. Kafintocin unguwar Anloga da ke zaune a layinmu suka kawo guntayen katako aka yi shinge saboda awaki. Ni na dafa tuwo da miyar ayoyo, wato lalo, na ciyar da masu aiki, ban karɓi komai ba. Ranar har waɗanda ba sa ga maciji da juna sun ci a kwano ɗaya.

Da aka gama, Magajiya ta hau kan benci ta yi jawabi. Ga ta nan a idona, da farin mayafi, tana nuna mu da yatsa. Ta ce kowa ya san halinmu. Da zarar ruwa ya sauko da ƙarfi, kowane gida sai ya fito da sharar da ya tara ya juye a gota, wai ruwa ya tafi da ita, don kada a kira mai aboboyar shara a biya shi. Ta ce wannan ƙazanta ce, ta ce tsafta cikon addini ce, ta ce daga yau duk wanda aka kama ita da kanta za ta kai shi gaban sarkin unguwa. Aka tafa mata. Ni ma na tafa, har da guɗa, Allah ya yafe wa tafin hannuna.

Kunyata tana daga gefen gada, inda ƙasa ta fi laushi. Na tambayi Mma ko in rage rabin irin. Ta ce a'a, tsohon iri ba duka ke tashi ba, in zuba shi gaba ɗaya, wanda Allah ya raya ya raya. Da hannunta ta jiƙa shi a ruwa ya kwana, ta yi masa addu'a, ta miƙo mini a cikin kofi. Na shuka bayan yayyafin farko.

Ba duka suka fito ba, amma sun fito. Kullum da asuba, kafin in ɗora tukunya, sai na je na duba su, na cire ciyawa, na tsince ledar da iska ta kawo. Da yamma Mma za ta tare ni da tambaya tun ban ajiye kwanuka ba.

"Yau ganye nawa?"

In gaya mata, ta gyara zama, ta ce in lura da jijiyar ganyen, idan ta yi ja to ita ce, ba a musanya ba. Ta yi ja kuwa. Na yi mata alkawari ranar da suka yi fure zan sa a ɗauke ta a kujera ta je ta gani da idonta. Rabon da in ga tsohuwar nan tana dariya haka, tun kafin a malale gidan.

Babban ruwan ya zo wata ranar Talata bayan la'asar. Gari ya yi duhu, iska ta ɗaga kwanon rumfata, sannan ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya. Na rufe tukwane na kama hanyar lambu, don in buɗe wa ruwa hanya tsakanin kunyoyi kada ya kwanta. Ina shiga layinmu na ga abin da har in mutu ba zan manta ba. Ƙofofi a buɗe. Wannan ta fito da baho, waccan da bokiti, wancan da buhu, kowa yana juyewa a gota yana komawa ciki da gudu. Ledojin ruwan sha, ɓawon rogo, tsumma, ƙunzugun yara, fasassun robobi. Mutanen da muka shiga gotar nan tare, muka yashe ta da hannunmu, muka ci tuwona. Wata ma da muka haɗa ido sai ta yi mini sannu da ruwa, bahon yana hannunta.

Na riƙa ihu ina cewa ku bari, ku ji tsoron Allah, amma wa zai ji ni a cikin wannan ruwa? Da na kai ƙofar Magajiya sai na tsaya cak. Tana tsaye a ƙarƙashin lema, babban ɗanta, magidanci da gemunsa, yana jan wata tsohuwar katifar soso, ita kuma tana nuna masa inda ruwa ya fi gudu. Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi.

Na ce, "Magajiya, me nake gani?"

Ta ce, "Ke wuce, ruwa na dukanki."

Na ce, "Katifa ce fa. Ba za ta wuce ƙarƙashin gada ba. Ke kika hau benci."

Ta ce, "Soso ne, ruwa zai lanƙwasa shi. Kuɗin cizo sun cika ta, a ɗaki zan bar ta? Yau kaɗai ne."

Na kama gefen katifar. Ɗan ya dube ni, ya dubi uwarsa, ya fizge, ya tura ta da ƙafa. Ta tafi tana juyawa a kan ruwa, na bi ta da gudu, takalmina ɗaya ya tsinke na bar shi.

Ba ta lanƙwasa ba. Ta isa bakin gada ta tsaya a gicciye, ta rufe ramin ruf. Duk sharar layinmu ta zo ta taru a bayanta. Na samo gora na riƙa zungura, wasu maza biyu da suka fake a shago suka fito suka taya ni, amma soso ya sha ruwa ya yi nauyi, ga shara tana ƙara danne shi. Ina kallo ruwan ya cika gota, ya tumbatsa, ya nemi hanya. Hanyar da ya samu ita ce lambu. Ya karya shinge, ya bi ta kunyata da farko don ita ce a bakin gada. Baƙin ruwa mai wari, ya kai mini cinya. Na sa hannu ina lalube ko zan kama ko ɗaya, abin da na damƙo leda ce. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. A layinmu ba haka ba ne, na kan tudu ke ja, na gangare ke sha.

Da na koma gida Mma ta ce yau ganye nawa. Na ce ruwa ya hana ni dubawa, sai da safe. Ina fata ne ko wasu sun kwanta kawai za su tashi.

Da gari ya waye na je. Babu kunya, babu taki, ƙasar ma da muka tara ruwa ya kwashe ta, sai laka da shara. Wurin ya koma bola kamar ba mu taɓa shi ba. Na tona da hannu har faratana suka yi jini, ban samu ko saiwa ba. Mutane suna wucewa ta kan gada suna cewa sannu, Allah ya mayar da alheri, ruwan jiya ya yi ɓarna. Ruwa! Kowa ya ɗora wa ruwa. Katifar tana nan a maƙale, kowa ya san ta gidan wa ce, babu wanda ya buɗe baki. Waɗanda suka rasa tumatir da ayoyo ma shiru suka yi, don su ma sun juye nasu bahon.

Ina dawowa, laka har wuya, na tarar da takalmin Magajiya a ƙofar ɗakina. Ta riga ni. Tana zaune a gefen gadon Mma, ta kawo wata 'yar takardar iri mai hoton kuɓewa, irin wadda ake sayarwa a shagon maganin gona. Na ji tana cewa, "Mma, sai haƙuri, lambu ya tafi. Ikon Allah ne, ba mai tare ruwa. Ga wannan, an ce tana saurin 'ya'ya. Kuɓewa ai kuɓewa ce."

Wallahi ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce, "Ikon Allah ne ya jawo katifa daga ɗakinki? Allah ne ya riƙe lema yana nuna inda za a jefa? Ki ji kunya mana, Magajiya. Kin yi ɓarna, kin rigo ni zuwa ki ɗora wa Ubangiji. Da kin ce na yi kuskure, da na haɗiye. Ɗauki takardarki."

Ta miƙe tana gyara mayafi, ta ce ita ba sa'ata ba ce, kuma ba ita kaɗai ta zuba ba, duk layi sun zuba, haka muka taso muka gani. Wannan maganar ta fi komai ƙona mini rai, don gaskiya ce, kuma ita a wurinta wanke kai ne. Har yau ba ta ce mini yi haƙuri ba. Har yau ita ce Magajiya, kuma bazarar da ta biyo baya ta sake hawa benci.

Mma ta ɗaga hannu ta ce in yi shiru, baƙuwa a ɗakina ba a yi mata haka. Ta yi wa Magajiya godiya, ta ce a gaishe da mutanen gida. Sai da ƙarar takalminta ta yi nisa sannan ta juyo ta dube ni, ta dubi hannuwana.

Ta ce, "Kin tona?"

Na ce na tona.

"Ko ɗaya?"

"Ko ɗaya, Mma."

Na zaci za ta yi kuka, ko ta tsine wa wani, da na fi samun sauƙi. Sai ta ja zane ta rufe ƙafafunta, ta juya fuskarta wajen bango.

Ta ce, "Uwata ta ratso daji da irin nan a ƙafa bai ɓace ba. Idan na je ta tambaye ni, me zan ce mata ya cinye shi?"