Ƙwayar Waken Evaristo

Evaristo Cardozo bai taɓa fara karanta littafin wasa daga shafin farko ba. Idan sabo ya shigo hannunsa, sai ya buɗe shi ta baya, ya nemi taswirar kumbon sama jannati, ya shimfiɗa ta a kan tebur, sannan ya ciro kwalin ashana daga aljihun rigarsa. Babu ashana a ciki. Ƙwayar wake ce guda ɗaya, baƙa, ta daɗe a hannu har ta yi sheƙi. Zai ɗora ta a ɗakin da littafin ya ce a nan labari ke farawa, ya dinga tura ta da yatsa daga ɗaki zuwa ɗaki, leɓensa na motsi. In yana haka ba a yi masa magana.

Shekara talatin da huɗu ya yi a tashar jiragen ruwa ta Montevideo yana duba hatimin kwantena. Takarda takan ce abu kaza ne a ciki, shi kuma ya duba dalmar da aka liƙe ƙofa da ita, ya shafa, ya sake shafawa. Ya yi ritaya, amma yatsun ba su yi ba.

Kowace Asabar bayan abincin rana shi da abokansa suke taruwa a garejin bayan gidansa a unguwar La Teja. Mutum ɗaya ya ja labari, sauran kowa ya zama ɗan sama jannati guda, da takardarsa a gabansa. Wanda ya ce zai yi abu mai haɗari, sai ya jefa 'ya'yan ludo a ga ko ya tsira. Mate kuwa, wato ganyen nan mai ɗaci da ake sha a ɗan ƙoƙo da bututun ƙarfe, yana ta zagaya tebur daga hannu zuwa hannu. Wanda ke riƙe da filas shi ke cikawa ya miƙa wa kowa bi da bi, ya dawo masa ya sake cikawa.

Ba kowa ke da lokacin ƙirƙiro labari da kansa ba, shi ya sa ake sayen waɗannan ƙananan littattafai, da labarinsu da taswirarsu da lissafinsu a shirye. Evaristo bai yarda da ko ɗaya ba sai wakensa ya taka shi. A cikin shekarun nan ya ga ƙofar da ba ta buɗewa zuwa ko'ina. Ya ga mabuɗin da aka ajiye a cikin ɗakin da shi ne zai buɗe. Ya ga dodon da ya fi hanyar da aka ce yana bi faɗi. Kuma duk a shafin ƙarshe akwai jerin sunayen waɗanda aka ce sun gwada wasan a tebur kafin a buga. Wannan jerin ya fi kowane shafi ɗaukar masa lokaci.

Bai taɓa cewa littafi ba shi da kyau ba. Abin da yakan ce kawai shi ne, "Takardarsa mai kauri ce." Idan kuwa littafi ya tsallake, sai ya je kantin wasanni na unguwar Cordón, ya sa ɗan ɗigo da fensir a bangon wanda aka baje don dubawa. Ba wanda ya naɗa shi wannan aiki. Amma a hankali matasa suka fara tambayar mai kantin, "Tsohon ya sa ɗigo?" kafin su ɗauka. Ɗigon nan shi ne abin da Evaristo ya mallaka a garin, ya kuwa san haka.

Daga cikin waɗanda aka fara zama da su, biyu suka rage masa. Akwai Nélida Arrúa, tsohuwar malamar lissafi, da Yamandú Pereyra, tsohon direban bas, mutum mai faɗin ƙirji da yawan dariya. Wata Asabar ana ruwan sama, Yamandú ya shigo da soyayyar gurasa a takarda, da wani abu a cikin rigarsa don kada ya jiƙe. Ya ajiye a tsakiyar tebur. Littafin wasa ne sabo, da sunansa a bango.

"Kwafi ɗari uku," in ji shi. "Wata 'yar ƙaramar maɗaba'a ce ta buga. To, tsoho, fito da wakenka mana, me kake jira?"

Evaristo ya goge hannunsa, ya buɗe ta baya. Kafin ya kai taswira ya tarar da jerin sunayen. Na farko a ciki shi ne Evaristo Cardozo.

"Wannan wani ɗan'uwana ne?" ya tambaya.

"Kai ne mana! Wane Cardozo kuma muke da shi?"

"Af." Ya rufe littafin. "Takardarsa dai..."

"Kada ka faɗa," in ji Nélida. "Mutum ya kawo mana abinci cikin ruwan nan."

Bai ƙarasa ba. Amma washegari da safe ya ɗora waken. Labarin bai da wuya: kumbo ya fashe, iska na zurarewa, 'yan wasa suna ɗakin kaya a can wutsiya, tukwanen iska suna can gaba. Littafin ya ce iskar za ta ƙare bayan zagaye goma sha biyu. A ƙa'idar wasan kuwa, ɗaki ɗaya mutum ke tsallakewa a zagaye ɗaya. Evaristo ya tura wake ta hanyar dama, goma sha takwas. Ta hagu, goma sha bakwai. Ta cikin bututun da ke ƙarƙashin ɗakin injin, goma sha biyar. Ya sake daga farko, ya sake, har shayinsa ya huce. Babu hanyar da ta gaza goma sha biyar. Duk wanda ya shiga kumbon nan ba zai fita ba.

Ya zauna yana kallon sunansa. Bai tuna ya taɓa shiga wannan kumbo ba, kuma ya san wanda ya shiga da gaske ba zai bar lissafin haka ba. Sai ya fara tuno wasu abubuwa. Tun yaushe Yamandú yake tambayarsa yadda ake rubuta sunansa na biyu? Me ya sa Nélida ta yi saurin katse shi jiya? Ita ma ai sunanta na cikin jerin.

Ranar Laraba ya je kanti. Mai kantin ta tare shi da fara'a.

"Malam Evaristo! Wannan karon ma ba sai ka ciro fensir ba. Sunanka yana ciki da tawada. Na sayar da arba'in ba wanda ya tambayi ɗigo."

"Masu sayen sun dawo?"

"Wasu ɗaliban jami'a sun leƙo. Wai duk sun shaƙe saura ɗaki uku. Sun ce watakila su ne ba su iya ba, tunda kai ka duba."

Ya yi mata sallama ya fito. A bas ya wuce tashar da zai sauka bai sani ba.

Asabar ɗin da ta biyo baya shi ya riƙe filas. Ya cika ƙoƙo ya sha, ya cika ya miƙa wa Nélida. Ta sha ta dawo masa da shi. Ya cika, ya sake sha da kansa. Hannun Yamandú yana miƙe a kan tebur, ya jima a miƙe kafin ya janye shi. A shekara talatin ba a taɓa tsallake kowa a teburin nan ba.

"Lafiya, tsoho?" in ji Yamandú. "Ko idon ne ya fara?"

"Idon yana nan. Har yana karanta ƙananan sunaye."

"Haba, Evaristo. In kana da magana ka faɗe ta."

Evaristo ya buɗe taswirar, ya ajiye waken a ɗakin kaya, ya tura masa littafin. "Kai direba ne. Kai mu tasha."

Yamandú ya tura waken da katon yatsansa yana ƙirgawa a fili. Da ya kai goma sha biyu ya tsaya, ya dubi ɗakunan da suka rage. Ya koma ya bi wata hanya. Wuyansa ya yi ja.

"Amma ai kun kai," in ji shi. "Na rantse kun kai. A kan teburin nan! Kai ka buɗe ƙofar ƙarshe, kana ta mita wai ba ka yarda da ita ba."

"Yaushe?"

"Shekarar da rufin garejin nan ya yi yoyo. Muna mu biyar a lokacin."

"Shekara ashirin da biyu ke nan," in ji Evaristo. "Ta yi nisa sosai. Nisan da ba mai iya cewa ba a yi ba."

Nélida ta cire tabarau. "Yamandú, goma sha biyun nan daga ina ka samo ta?"

"Daga tsohon littafina na rubutu. Zane goma sha biyu na tarar a gefen shafi, na rubuta 'iska' a sama. Na kwafa yadda na gani."

"A ranar, wa ke riƙe da filas?"

"Ni mana. Ni ke jan labari, ni ke..."

"To ka gani," in ji ta. "Sakaran banza. Ka manta abin da ka ce mana? Ka ce duk lokacin da mate ya gama zagaya mu ya dawo gare ka, iska ta ragu. Shi kake zanawa. Mu biyar ne, kuma marigayi Tabaré in ya riƙe ƙoƙo sai ya ba da labarin surukarsa kafin ya sha. Kafin ƙoƙo ya dawo mun tsallake ɗaki biyu, wani lokacin uku."

Yamandú ya dafe kai. Sai kuma dariya ta kufce masa, ya yi ta yi har da tari. "Mate na ƙirga! Malama, mate na buga a littafi!"

Evaristo bai yi dariya ba. Ya dubi Nélida, ya dubi Yamandú, ya sake duban Nélida. "Labarin ya zauna daidai," in ji shi. "Kamar an auna shi kafin a zo."

"Kai, Allah ya shirye ka," in ji Nélida. "Ina gwangwanin biskit ɗin da kake tara takardunmu?"

Suka sauko da shi daga saman kabad. Ita ta tono takardar, ta yi rawaya, da da'irar gindin ƙoƙo a kusurwa. Takardar ɗan sama jannati ce, injiniyan kumbo, da kwanan wata, da taswira a baya an zana da hannu. A gefen ɗakin ƙarshe an rubuta da fensir: "Ban yarda da wannan ƙofa ba."

Evaristo ya kai ta bakin taga, ya juya ta, ya shafa. "Rubutun ya yi kama da nawa," in ji shi.

Ya dawo ya zauna. Ya cika ƙoƙon, ya riƙe shi ɗan lokaci, sannan ya miƙa wa Yamandú.

Wani zai ce maganar ta ƙare a nan. Ba a yi ƙarya da sunansa ba, ya shiga kumbon, ya fita. Amma wannan ne ma ya fi ci masa rai. Sunansa yana kan littafi ɗari uku da gaskiya, kuma littattafan suna shaƙe mutane a ɗaki na goma sha biyu, mutanen kuma suna ɗora wa kansu laifi saboda shi. Yamandú ya ce za a gyara in an sake bugawa. Evaristo ya tambaye shi yaushe. Yamandú ya ce wata rana.

Sati uku ya yi yana tura wake kafin ya tsayar da lamba. Goma sha takwas ta yi ƙunci ga mai tsayawa ceton abokinsa. Ashirin da biyar ba ta barin kowa ya ji tsoro. Ya tsaya a ashirin da ɗaya. Ya sayo farar takarda ya yayyanka kamar faɗin yatsu uku. Yamandú ya ce a kai maɗaba'a a buga cikin awa ɗaya. Evaristo ya ƙi. Da hannunsa ya dinga rubutawa, kowace takarda kalmomi iri ɗaya: "Shafi na tara: iska zagaye ashirin da ɗaya ce, ba goma sha biyu ba. Na duba. E. Cardozo." A ƙasa ya sa ɗigo.

Waɗanda ke kanti ba su ba shi wahala ba. Sauran ne suka watsu. Ya bi ɗaliban jami'ar har ɗakin karatunsu. Ranar Lahadi yakan zagaya kasuwar tsofaffin littattafai ta Tristán Narvaja, ya ɗaga kwafi, ya zura takarda a shafi na tara, ya mayar. Ya aika wasu garuruwan Salto da Paysandú ta gidan waya, ya kuma rubuta a karo na biyu yana tambaya ko sun isa, ko kuwa an ce sun isa ne kawai. Wata mata ta ce masa nata tuni yana da takardar. Ya ce ta nuna masa. Ta nuna, ya gode, ya duba rubutun da kyau kafin ya tafi.

Shekara biyu yana wannan. Ƙafa ta fara ƙi, sai Yamandú ya dinga kai shi a tsohuwar motarsa, suna faɗa a hanya kan wace kwana ta fi kusa.

A watan Yuli, cikin sanyin hunturun ƙasar, Evaristo ya rasu, ranar Alhamis. Da Nélida da Yamandú suka buɗe garejin bayan an binne shi, sun tarar da littafin a buɗe a taswira, waken yana ɗakin kaya. A gefe takardu ne a ɗaure da roba, guda sittin da ɗaya, na kwafin da bai gano inda suke ba. Ɗaya tana waje ita kaɗai, fensir a kanta. An rubuta har zuwa "goma sha biyu ba", ba a kai ga "Na duba" ba.