Makaniken da ke ji da haƙora

A-kori-kurata na ta ƙara kwaram-kwaram a garejin Baba Ilu da ke unguwar Fadaman Mada, ga tumatirin mutane a baya, rana na dukansa. Shi kuwa tsohon ya daɗe da kurumcewa.

Sai ya ɗora dogon sukudireba a kan injin, ya ciji ƙotar da haƙoransa, ya rufe ido.

Can ya ce mini, "Kashe ta, ɗana. Baƙin mai ba ya hawa sama, famfonsa ya gaji. Da ka kama hanyar Jos, da injin ya buga."

Da aka kwance, haka aka tarar.

Na nuna kunnensa cikin mamaki. Ya yi murmushi ya ce, "Kunnen ya tafi, amma Allah ya bar mini ƙashi, shi ma yana ji."

Kun taɓa ganin irin wannan baiwar?