Dakata, Maida Baya

Duk wanda ya taɓa zama a zauren Kawu Ilu a Magama ya san ba kallon fim ake yi a wurin ba, shari'a ake yi masa. Da an kunna, ko minti biyu ba a yi sai ka ji, "Dakata! Maida baya!" Har abin ya zama sunansa, direbobin tasha ba mai ce masa Ilu, sai Dakata. Batiran rimot ɗinsa kuwa sun fi wasu yaran gidan shekaru. In suka yi sanyi sai ya shanya su a rana kamar kuɓewa, ranar da suka ƙi tashi gaba ɗaya ya ɗauko dogon karan dawa, daga kan tabarma ya miƙa ya danna maɓallin bidiyon.

Fim ɗin ma guda ɗaya ne tak. Wani tsohon wasan barkwanci ne da aka ɗauka a nan wajenmu tun ina goye, na wasu abokai biyu da suka ɗauko ragon suna daga Katsina za su kai Maraɗi a akori-kura. Motar ta Kawu ce, lokacin yana jigilar hanyar nan. Kaset ɗinsa shi kaɗai ya rage, na nema har Kano ban samu wani ba. A tsohon rawani yake naɗe shi, hoton kullum ƙara dusashewa yake, shi kuma kullum cewa yake, "Ranar da wanga abu ya tsinke, ku haƙa rami biyu." Mu sai mu yi dariya, mun ɗauka son motar ne.

Rago shi ne mai laifi na farko. A Jibiya fari ne mai baƙin kai, ana ƙetare iyaka sai ga shi ja.

"Dakata! Lawwali, wane kala ka gani ɗazu?"

"Fari, Kawu."

"Yanzu hwa?"

"Ja. Wataƙila ƙura ce."

"Ƙura? Ƙurar ce ta ƙara mishi ƙaho? Yaro, na farkon mun cinye shi ranar Talata. Ni na ci kai."

Akwai kuma maganar rana. A fim an ce da hantsi suka bar Magama, amma rana tana dukan direba a fuska ta tagarsa. Kawu ya ce shekara talatin yana bin hanyar Maraɗi, da safe fasinjan gaba ne ke cin rana, direba na inuwa. Ranar da na ce masa ba wanda zai lura, wallahi sai da ya sa na goya shi a babur har bakin iyaka, ya tsayar da ni a tsakar hantsi, ya juya ni arewa kamar buhun gero.

"Wane kunne ka ji zafi?"

"Na dama."

"To, waɗancan shashashun gida suke komawa, ba su sani ba."

Amininsa Alhaji Isa, direban babbar mota daga Maraɗi, shi ya fi kowa shan wahala. Duk zuwan da zai yi sai an zaunar da shi. Akwai wurin da jandarman Nijar ya tare su, da kakinsa da hularsa, sai ya leƙa mota ya ce, "Gud monin." Nan Kawu ke tsayar da fim sau uku, sau huɗu.

"Isa, don Allah tun da uwarka ta haihe ka, ka taɓa jin jandarma ya ce gud monin?"

"Ilu, na faɗa maka bara, ban taɓa ba."

"Dubi ƙahwa tai. Silifa! Mamman mai shayi ne, na tasha."

Alhaji Isa ya ce, "Ni dai roƙona ɗaya. Shekara ashirin ina kallon wanga rago. Kafin in mutu, ina son in san ko ya isa Maraɗi."

Gaskiya ya faɗa. Babu wanda ya taɓa ganin ƙarshen fim ɗin a zauren nan. Kafin a kai rabi an kira la'asar, ko an ɗauke wuta.

Wuri ɗaya ne kawai Kawu ba ya tankawa, kuma shi ne kuskuren da ko makaho zai gani. Ana cikin muhawara a gefen hanya sai wata mata ta ratso gaban kyamara da kwanon abinci a ka, ta kalli kyamarar ido cikin ido, ta rufe baki tana dariya, ta juya da gudu. Nan sai ya yi tsit, karan nan yana kwance a gefe. Ni a wautata na ce tsoho ya fara makancewa.

Da kaset ya fara cin zare, na lallashe shi wata guda kafin ya yarda na kai shagona na tura fina-finai in kwashe a kwamfuta. Sai da ya sa na yi alwala kafin in taɓa rawanin. Aka kwashe lafiya, ana gamawa zaren ya tsinke a cikin na'ura. Ban faɗa masa ba. Sai na ce bari in huce masa haushi tun kafin ya ji, na zauna na yanke duk wani kuskure da ya taɓa nunawa. Na cire jan rago, na cire silifa, na cire rana, na haɗa har da matar mai kwano. Fim ɗin awa biyu ya dawo minti goma sha takwas.

Na kunna masa ina jiran yabo. Ya kalla daga farko har ƙarshe bai ce dakata ba ko sau ɗaya, kuma ban taɓa ganin fuskarsa haka ba.

"Ina Hajara?"

"Wace Hajara, Kawu?"

"Innarka. Tuwona ta kawo mini, ba ta san ana ɗauka ba. Ba ta taɓa yarda an yi mata hoto ba, Lawwali. Ina ka kai ta?"

Inna Hajara matarsa ce, ta rasu ban isa sanin fuskarta ba. Ya ce in kawo masa kaset ɗinsa, dole na faɗa masa ya tsinke. Bai yi faɗa ba, ni kuwa da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ban san yadda na isa shago ba, don ban tuna ko na goge na asalin ko ban goge ba. Na buɗe kwamfuta. Yana nan, da jan ragonsa da komai. Na zauna a ƙasa na yi kuka sosai.

Da na dawo da shi, muka kalla tare. Ya tsayar a rago, ya tsayar a silifa, ya zagi mai ɗaukar hoton kamar kullum. Da Inna ta ratso, karo na farko ya ce, "Dakata." Na tsayar. Na jira ya ce maida baya.

"A'a. Bar ta nan."

Bayan rasuwarsa, ranar sadakar bakwai da yamma, Alhaji Isa ya ce a kunna masa ya ga ƙarshen ragon nan. Muka kunna, babu mai tsayarwa, abin ya yi mana wani iri. Ana zuwa wurin mai kwano, sai Alhaji da kansa ya laluba ya ɗauki karan dawa ya danna. Ya ce shi kam ya haƙura da ragon. Har yau bai san ko ya isa ba, ni kuma ban faɗa masa ba.

Allah ya jiƙan Kawu Dakata, ya yafe masa kura-kuransa, ya sada shi da Inna Hajara a inda babu mai yanke masa ita. Amin.