Sarkin Noman Sa'alaba

Muntaka ɗan garinmu ne, can gefen Kazaure, kuma katanga ɗaya ce ta raba gidanmu da nasu. Saboda haka duk abin da zan faɗa a kansa ba ji na yi a bakin wani ba. A nan Jidda, a unguwar Sa'alaba, shekara ashirin da ɗoriya ana kiransa Sarkin Noma, shi kuma yana amsawa har da gyaran murya. Ni Mariyamu mai tuwo, duk sanda na ji an kira shi haka sai in duƙufa kan tuƙina, don na san idan na ɗaga kai fuskata za ta tona shi.

Mahaifinsa, Malam Garba, shi ne manomin. Mutum ne da tafin hannunsa ya yi kanta har ba ya iya dunƙule shi sosai. Muntaka kuwa Allah ya ba shi wani irin ciwon ciki mai sanin lokaci. Da an yi ruwan shuka yake tashi, ba ya sauka sai an ɗaure dami na ƙarshe. Idan an yi gayya, shi ne mai kai wa mutane fura, kuma rabinta a hanya take ƙarewa. Kullum da sassafe ina jin muryar tsohon ta katanga yana kiransa, ya kira sau uku, sau huɗu, daga nan sai in ji ƙarar ƙofa ya fita shi kaɗai da fartanyarsa.

Da ya girma sai ya gano cewa zuciyarsa ta kamu da son Ɗakin Allah. Ya dinga yi wa tsohon daɗin baki har ya sayar da shanun huɗarsa biyu ya biya masa umra, a kan zai yi wata ɗaya ya yi wa gida addu'a ya dawo. Bai koma ba. Malam Garba ya ƙarasa rayuwarsa yana huɗa da hannu, ya rasu a wata damina, gonar kuma 'yan uwa suka raba suka sayar. Ni na zo Jidda bayan Muntaka da shekara shida, na tarar ya yi gaisuwar mutuwar ta waya ya gama.

A Jidda ya taɓa ayyuka da yawa, taɓawa kawai. Ya yi dako a ɗakunan ajiya na Khumra kwana tara, bayansa ya ƙi. Ya yi wankin mota, sabulu ya ƙi jininsa. A ƙarshe ya tsaya a dillancin tsofaffin na'urorin sanyaya ɗaki da katifu, sana'ar da ba ta son komai sai baki, bakin kuwa yana da shi. Iƙama dai, takardar izinin zama, bai taɓa riƙe ta ba, kamar yawancinmu.

Sarautar a teburin mai shayi ya same ta. Yaranmu haihuwar nan ba su taɓa ganin karan gero a tsaye ba, da yawansu Hausar ma ji suke yi ba sa mayarwa. Sai Muntaka ya zauna ya harɗe ƙafa yana ba su labarin dami ɗari uku, da rumbu bakwai, da yadda yake shinshina ƙasa ya faɗi ranar da ruwa zai sauka. Duk labarin gaskiya ne, sai dai na ubansa ne, ya cire sunan tsohon ya sa nasa. Manya da suka san noma kuwa sun gaji da aiki, ba mai ƙarfin musu da shi bayan la'asar.

Za a ce me ya hana ni magana. A nan ba a tona asirin ɗan garinku. Kowa da abin da ya baro a gida, kowa kuma ya san na wani, da haka muke zaune lafiya. In ka buɗe na mutum yau, gobe a buɗe naka. Ƙaryar tasa kuma ba ta ci wa kowa komai ba, sai da Zubaidatu ta shigo cikinta.

Zubaidatu bazawara ce, mijinta ya rasu, mutuniyar wajen Malumfashi. Shekara goma sha tara tana aikatau a gidajen Larabawa a Madain Fahd, gwiwoyinta sun ƙare a goge tayil. Ba ta sayi gwal ba, ba ta yi anko ba. Abin da ta tara duka ta aika aka saya mata gona a garinsu, mai rijiya a gefe, kuma ta ƙudura za ta miƙa kanta tarhil, inda ake tara marasa takarda a mayar da su gida. Ba ta da ɗa namiji, ƙannenta kuma ba ta yarda da su ba. Miji take so wanda zai riƙe mata gonar nan, don ita ce duk abin da ta mallaka a duniya. Sai ga Sarkin Noma da turarensa.

Shi ma ya yi lissafinsa. Ya haura hamsin, ba gida a can, ba takarda a nan, kuma ba wanda ke jiran sa a ko'ina. Zubaidatu ce kaɗai hanyar da zai koma ƙasa a ce ga mai gona ya dawo. Ya kai kayan tambaya, atamfa biyu da turare da dabino, aka sa rana bayan wata guda.

Ta zo ɗakina tana taya ni yankan kabewar miyan taushe, ta ce, "Yaya, ke da kika san shi tun gida, yaya nomansa?"

Na ce, "Gidansu gidan noma ne."

Ban yi ƙarya ba, amma ban faɗa mata gaskiya ba. Na ji haushinsa, na ji haushin kaina.

Ita ce ma ta kawo labarin wata gona, tana dariya. Ta ce 'ya'yan uwar ɗakinta sun je wata mazra'a, wato gona, inda mutum zai biya a ƙofa ya shiga ya tsinki abu da hannunsa. Akwai ta tuffa can kan duwatsun Ɗa'ifa, amma wannan ba tamu ba ce, hanyar akwai masu duba takarda. Akwai kuma ta kabewa nan kusa, gaba da Khumra kaɗan. Na ce to ai sai mu je, mu ɗauki Sarkin Noma ya nuna mana mai kyau, ni ma in samu ta miya. Da aka gaya masa bai ko ji ɗar ba. Mutumin ya daɗe yana faɗin ƙaryar har ya fara gaskata ta.

Muka je wata Asabar da hantsi, lokacin sanyi. Muntaka ya fito cikin farar jallabiya mai guga da takalmi sau ciki yana ƙyalli, shigar mai zuwa ɗaurin aure. Wurin kuwa abin takaici ne. Manyan motoci jere a ƙofa, mutane da ƙoshinsu sun biya kuɗi don su sunkuya a rana, aikin da iyayenmu suka mutu suna roƙon Allah ya raba 'ya'yansu da shi. An rataye malafa a ƙusa, kowa ya ɗauka ya kifa a ka a ɗauke shi hoto ya mayar. Wata mata ta rungume kabewa tana yi wa wayarta murmushi, ta ajiye, ta goge hannu da takarda mai ƙamshi.

Filin kore shar, yaɗo ya rufe ƙasa, ga kabewa jajaye a zazzaune a ciki, kowace da tazara daidai tsakaninta da 'yar uwarta. Tun daga bakin shinge na ga abin da ke nan. Na saci kallon Zubaidatu, na ga ita ma ta tsaya ta ƙanƙance ido. Duk wadda ta tashi a gidan da kabewa ke hawa danga ta san ganyenta, fatan-fatan ne, mai gashi, in ya goge ki sai kin yi susa. Wannan kuwa ƙanana ne masu santsi. Yaɗon dankali ne.

Muntaka ya shiga gaba, hannu a baya. Ya duƙa da ƙyar, ya ɗebi ƙasa ya shinshina, ya gyaɗa kai. Ya kama ganye ɗaya yana shafawa.

"Kun ga wannan ganye? Ganyen kabewar da ta ƙoshi da taki ke nan. Irin nawa sak. Shekarar da na yi ta a fadama, sai da aka kawo amalanke uku."

Zubaidatu ta ce, a hankali, "Malam, wannan ta gabanka, wata nawa ta yi a nan?"

Ya ƙwanƙwasa ta da yatsa, ya kara kunne. "Huɗu da 'yan kwanaki. Ki bar ta, sai an sa wuƙa, irin wannan ta kama yaɗo da ƙarfi."

Ta sunkuya ta sa hannu biyu ta ɗaga. Kabewa ta taso salin alin, ba abin da ya biyo ta. Ɗan karan da ke kanta ya bushe ƙayau, yankan wuƙa ne na makonni, ƙasanta kuma fes, ko ɗigon laka babu. A inda ta tashi ganyen dankalin ya kwanta, ɗanye, an danne shi da safen nan.

Wani ma'aikacin wurin yana kusa da mu da tiyo a hannu, dattijo, ashe Bahaushen Sudan ne, Abdulghani. Ya ji Hausa ya matso, ya rage murya don kada baƙi su ji.

"Ya hajja, ku kam kun gane. Daga halaga ake kawo su, kasuwar kayan gwari, mu jera kafin a buɗe bab. Kabewa ba ta yi a nan ba, mun gwada marra biyu ta ƙone. Dankalin don kore ne bas. Waɗannan ba su sani ba, kuma ba ruwansu, sura suke so, hoto kawai. Halas, ku zaɓi mai kyau, kada ku ce na faɗa."

Muntaka ya yi wata dariya marar daɗi. "Ai na sani. Gwada ku nake yi."

Zubaidatu ta tsinki ganye ɗaya ta sa masa a tafin hannu, ta tsaya tana kallon hannun, mai laushi, da zobe. Sannan ta ɗora masa kabewar a ƙirji ta ce ya riƙe mata. Haka ya ɗauko ta har mota, yana haki, jallabiyar nan ta yi jirwaye. A hanya ya yi ta magana kan yaudarar mutanen zamani, mu kuwa muna kallon taga.

Bayan kwana uku ta zo ɗakina da ƙullin kayansa, atamfa da turare da dabinon ba a taɓa ba, ta ce in mayar masa tunda ɗan garinmu ne. Ta haɗa da kabewar. Har ta kai ƙofa ta juyo.

"Yaya, kin sani tun farko."

"Na sani."

"Da ba mu je gonar nan ba fa?"

Ta ja ƙofar ta fita. Ta tafi gida bayan wata biyu, ita kaɗai. Na ji ta ba wani maƙwabcinta gonar suna noma tare, ta yi masara ta yi wake. Ba ta taɓa kira na ba, kuma ban ga laifinta ba.

Labarin bai fita daga bakina ba, bai fita daga nata ba. A teburin mai shayi har yanzu Sarkin Noma ne, ya ce musu shi ya fasa, wai matar ta cika son abin duniya. Dami ɗari ukun ma ya zama ɗari huɗu.

Kwanakin baya na hau saman gidan da muke haya, inda shi ma yake da ɗaki, shanya da rana, na same shi tsugune a bayan tankin ruwa, shi kaɗai. Ya samo tsohon bokitin fenti ya cika da yashin gini, ga 'ya'yan kabewar nan ya busar a takarda. Ya ga na gan shi, ya rasa inda zai sa hannunsa. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Yaya Mariyamu, ƙwaya nawa ake sawa a rami?"

Na dubi furfurar da ke kansa, na dubi yashin da ko ciyawa ba za ta fito a ciki ba.

Na ce, "Uku. Malam Garba ya faɗa maka, ina jin sa ta katanga."

Na shanya kayana na sauko, na bar shi da bokitinsa.