Babban Yatsan Malamar Awo

Kullum da hantsi za ka tarar ta rataye sikelinta a barandar ƙaramin asibitin unguwarmu, tana zaune a kan bencin nan mai gurguwar ƙafa. Mata na miƙo 'ya'ya, tana aunawa, tana rubutawa a kati. In layi ya ƙare sai ta saɓa jaka ta shiga lungu. Shekara talatin da ɗaya ke nan, kuma ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki. A gabanta Malamar awo muke ce mata. A bayan idonta kuwa, Allah Ya yafe mana, Mai Yatsa.

Tafiyarta a lungu ce ke tayar wa mutane da tsigar jiki. Gidan da yaro ke tsala ihu wucewa take yi, ko waiwaye babu. Gidan da ta san akwai yaro amma shiru, nan take cin burki, ta karkata kai jikin ƙofa tana sauraron abin da mu ba ma ji. In ta shiga, ƙafar yaro take kamawa ta danna. Kuma sau da yawa yaron da ta danna ba ya rufa wata. To me kake so mutane su ce? Aka fara raɗa cewa kurwa take kamawa. Ni ma da bakina na faɗa, ni da nake ganin kaina wayayye don ina gyaran rediyo.

'Yata ta fari tana da wata goma sha huɗu uwarta ta sami ciki. Mahaifiyata ta ce nonon ya lalace, aka yaye ta rana ɗaya, ta koma ɗakin kakarta. Gari ake dama mata da ruwa, safe da rana da yamma. Ƙwai kuwa an hana, wai yaro mai cin ƙwai ɓarawo yake zama. Da farko ta rame, ta yi ta kuka. Sai kukan ya ɗauke, kumatu suka cika, ƙafafu suka yi ɓul-ɓul. Muka yi ta hamdala, har ina ɗaukarta zuwa shago ina nuna wa maƙwabta.

Wata rana bayan azahar Malama ta yi sallama a gidanmu, ba wanda ya kira ta. Yarinyar na zaune a tsakar ɗaki, ƙuda na yawo a gefen idonta ba ta ko ƙifta ba.

"Hajiya, yaushe rabon da ki ji kukanta?" ta tambayi mahaifiyata.

"Ai mai haƙuri ce, halin ubanta ta ɗauko."

"Dariyarta fa?"

Malama ta matsa kusa da yarinyar. Ta durƙusa ta ɗora babban yatsa a bayan kowace ƙafa, ta ƙirga uku, ta ɗaga. Ramuka biyu suka zauna a wurin kamar an danna ɗanyen sabulu.

"Maigida, wannan ba ƙiba ba ce, ruwa ne. Yunwa ke cinta. A kawo min ita yau, kada a kai gobe."

Yunwa, a gidana? Raina ya ɓaci, na faɗa mata maganar da har yau nake jin kunyarta, na nuna mata ƙofa. Ta ɗauki jakarta ta ce, "Ina asibiti har la'asar."

Mahaifiyata ta fita neman turaren tsari, matata tana kuka a bayan labule, ni kuwa na zauna ina kallon ramukan nan, sun ƙi cikowa. Tsoro ya kama ni sosai. Can na kai nawa yatsan, na danna ƙaurinta inda Malama ba ta taɓa ba. Da na ɗaga, ga rami na uku, irin nata sak. Ashe ba a yatsa abin yake ba. Ban tsaya neman takalmi ba na saɓa yarinyar a kafaɗa sai asibiti.

Malama, ke ce kika karɓe ta a hannuna. Ke ce kika raka mu babban asibiti, kika zauna kina ɗiga mata madarar magani da ƙaramin cokali, ni ina ƙorafin an ba ta kaɗan. Kin gargaɗe mu cewa abin da za mu gani ba zai yi daɗi ba, kuma haka aka yi. Ruwan ya tsiyaye, sai ga ainihin 'yar da muke raino: haƙarƙari a waje, fata na reto, fuskar tsohuwa a jikin jaririya. Mahaifiyata ta ce shi ke nan an tsotse ta. Ranar kwana na tara yarinyar ta fizge cokalin ta tsala ihu, sai muka gan ki kina dariya har da hawaye.

Bayan an sallame mu ma Malama ba ta ƙyale mu ba. Ita ta zauna da mahaifiyata a gindin murhu, ta nuna mata yadda za ta zuba gyaɗa da wake da garin busasshen kifi a abin da take damawa. A kan ƙwai kuwa ta ce, "Hajiya, ɓarayi nawa kika sani da ƙwai ya lalata?" Tsohuwa ta yi tsaki, amma washegari ta dafa. Uwar marasa kuka, ba ki taɓa ɗaga murya ba, kuma ba ki taɓa fasa dawowa ba.

Makon jiya na je neman gafararta, don 'yar tawa yanzu goyo take yi. Ta ce ita ba ta tuna zagin ba.

"Waɗanda suka kore ni suka biyo ni daga baya ba na riƙe su, maigida. Waɗanda ba su biyo ba su nake tunawa. Gida goma sha ɗaya ne. Har yau in na bi ta ƙofarsu sai ƙafata ta tsaya da kanta."

Malama, mun gode, Allah Ya saka miki da Aljanna. Ku kuma ma'aikatan da za ku gaje ta, kada ku zauna a baranda kuna jiran a kawo muku, ku shiga lungu ko da za a zage ku. Mu iyaye kuma, in an yi sallama an ce a ga yaro, mu buɗe ƙofa. Kada gidan wani ya zama na goma sha biyu.