Wankan Larai

Duk wanda ya san Asama'u mai kitso, a wani ƙauye da ke bayan Gagarawa, ya san Allah ya hore mata hannu, ya kuma jarrabe ta da baki. In mace ta zauna a gabanta, kafin a kai ga kitson ƙeya ta ji wadda ta yi yaji, ta ji wanda ya sayar da akuyar matarsa a ɓoye. Ba ta ƙarya, wannan kam a ba ta haƙƙinta. Magana ce kawai ba ta kwana a cikinta. Ita da kanta takan ce in ta riƙe labari, cikinta kumbura yake yi.

Shi ya sa aka sha mamaki da goggonta, wadda ke wanke matan garin in sun rasu, ta zaɓe ta ta gaje ta. Tsohuwar ta koya mata jiƙa ganyen magarya, da naɗe hannu da tsumma, da farawa daga dama, da yadda ake wanke mace ta ƙarƙashin zane ba tare da an yaye ta ba. Sannan ta ja kunnenta.

"Abin da kika gani a ɗakin nan, in mai kyau ne ki faɗa. In ba mai kyau ba ne, ki tafi da shi kabarinki. Mamaciya ba ta iya jan zanenta, ke za ki ja mata."

Abin mamaki, Asama'u ta riƙe. Ta wanke tsofaffi, ta wanke waɗanda suka tafi wurin haihuwa, ba a taɓa jin kanta ba. A makarantar matan aure, ranar da malama ta ce hankali da son zuciya kullum cikin kokawa suke a ƙirjin ɗan Adam, Asama'u ta ce nata son zuciyar a harshe ya yi gida. Aka yi dariya. Gaskiyar magana, riƙon bai taɓa yi mata wuya ba, don ba ta taɓa wanke wadda take jin haushi ba.

Wadda take jin haushi ɗaya ce, Larai. Ɗan Larai, Habibullah, ya taɓa neman Jannatu, 'yar Asama'u tilo. An kai gaisuwa, har an sa rana. Sai Larai ta hangi ɗan farin tabo a wuyan yarinyar. Ƙyasbi ne kawai, irin wanda man shafawa ke kashewa, amma ta bi gida-gida tana cewa albaras ne, cutar nan mai mayar da fata fari, kuma wai a jininsu take. Aka fasa aure, aka zo aka kwashe kaya. Samari suka daina tsayawa a ƙofar gidan. Jannatu ta daɗe a gaban uwarta kafin Dogo, wani direban babbar mota daga Maigatari, ya aure ta. Ko can ma maganar ta bi ta. Duk haihuwar da ta yi, sai surukarta ta juya jaririn a rana tana duba fatarsa.

Bana da bazara aka dawo da gawar Larai daga asibitin Gumel da hantsi. Zubaida, babbar 'yarta, ta zo ta durƙusa a tsakar gidan Asama'u.

"Inna Asama'u, Allah ya yi wa Innarmu cikawa. Ke muke jira."

Zuciyar Asama'u ta raya mata ta ce ba ta da lafiya. Amma babu wata mai wanka a garin, kuma ana so a rufe ta kafin azahar. Ta ɗauki mayafi ta bi bayanta.

Su biyu ne a ɗakin, Zubaida na zuba ruwa. Da suka juya gawar a kan gefenta, zanen ya zame. Daga kafaɗa har ƙugu, bayan Larai fari ne tas, dabbare-dabbare, tabon da ya daɗe ya zauna. Nan take Asama'u ta gane dalilin da ya sa ko a tsakiyar zafi ba a taɓa ganin matar nan da ɗaurin ƙirji ba.

Ba za a yi wa maganar kwalliya ba: Asama'u daɗi ta ji. Daɗi mai zafi, har yawu ya taru a bakinta. Ta ɗaga kai suka haɗa ido da Zubaida, wadda ke da 'yan mata biyu da suka isa aure. Asama'u ta ja zanen ta rufe.

"Zuba ruwa, 'yar nan. Rana tana yi."

A wurin zaman makoki mata suka yi ta matsowa kusa da ita, don sun san halinta. Ta ce gawa ta yi laushi, Allah ya jiƙanta. Daga nan ta ja bakinta ta tsuke. Wannan bai ba ta wahala sosai ba.

Wahalar ta zo ne washegari da la'asar, a kan babur, daga Maigatari. Jannatu ko mayafi ba ta cire ba.

"Inna, da gaske ke kika wanke ta? Da hannunki? Matar da ta sa har yau ake duba 'ya'yana kamar awakin kasuwa?"

Son zuciya ba ya zuwa wa mutum da mummunar fuska. Ya ce wa Asama'u ai ba ƙarya za ki yi ba, kuma ba gulma ba ce, 'yarki za ki wanke, ita kaɗai za ki gaya wa. Maganar ta hau har maƙogwaronta. Hankali kuwa bai yi dogon wa'azi ba, hanya kawai ya nuna mata: Jannatu za ta gaya wa surukarta, don dole ta rama. Surukar za ta kai kasuwar Alhamis. Daga can maganar za ta hau mota ta dawo ƙauyensu, ta sauka a ƙofar gidan Zubaida. Sai a zo a kwashe kayan wasu 'yan matan da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba.

"Ni na wanke ta," in ji Asama'u.

"Shi ke nan abin da za ki ce mini?"

"Shi ke nan, uwata. Zauna ki sha ruwa."

Jannatu ba ta zauna ba. Ta dubi uwarta da jajayen idanu ta ce, "Ashe ni kaɗai abin ya yi wa ciwo."

Wannan kalma ta soki Asama'u fiye da duk abin da Larai ta taɓa faɗa. Tana da abin da za ta ce hawayen nan su tsaya, yana nan a kan harshenta. Ta dafe bakinta da gefen zane, ta raka 'yarta har zaure. Mai babur ya tayar, Jannatu ta hau ba ta waiwayo ba.

Asama'u ta tsaya har ƙarar ta ɓace. Sannan ta koma ciki, ta zauna a bakin murhu, ta yi kuka mai isarta.